Duwatsun Arewa: me baƙo ke zuwa gani?

Ƴan'uwa maza da mata, ɗaliban yaƙi da jahilci, karatunmu na yau a kan dutse ne. Wani zai ce: dutse kuma? Ba ya ba da hatsi, ba ya ba da ciyawa, sai dai ya karya ma mutum kalme. To, ku saurara. Akwai mutanen da ke biyan kuɗin jirgin sama, su yi kwana da kwanaki a hanya, domin su je su kalli dutse kawai. Wannan tafiya ita ake kira yawon buɗe ido. Mai yin ta ba fatauci ya fito ba, ba cin rani ba. Ya fito ne ya ga abin da babu a garinsu, ya ji labarin wurin, ya koma gida. Kuma duk inda ya bi sai ya ci abinci, ya kwana, ya hau mota, ya biya wanda ya nuna mashi hanya.

Dutsen da ruwa ke ci

Bari mu fara da nesa, sa'annan mu dawo gida.

Can gabas, a nahiyar Asiya, akwai wata ƙasa da ake kira Biyetnam. Kudu da babban birninta Hanoi, tafiyar kamar kilomita 100, akwai wani wuri mai suna Tam Kok. Ma'anar sunan da harshensu: koguna 3, wato ramukan dutse guda 3. Duwatsun wurin sun miƙe tsaye kamar rumbuna a tsakiyar gonakin shinkafa. Wani gulbi ya taho, ya huda duwatsun, ya shiga ta nan ya fita ta can, har sau 3. Ramin da ya fi tsawo ya wuce mita 100. Baƙo yana shiga ƙaramin kwalekwale, a tuƙa shi cikin duhun dutse, wani wurin sai ya sunkuyar da kai don kada rufin ya buge shi. Yawancin masu tuƙin mata ne na ƙauyukan kusa, kuma da yawa daga cikinsu da ƙafa suke tuƙi, ba da hannu ba. A shekarar 2014 hukumar UNESCO, wadda ke kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa yankin cikin jerin wuraren da duniya duka ta gada.

Yaya ruwa zai huda dutse? Ga yadda abin yake. Duwatsun can na farar ƙasa ne. Ruwan sama, in ya ratsa iska ya bi cikin ruɓaɓɓen ganye, yana ɗaukar ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba ya ji. Wannan ɗan tsami yana narkar da dutsen farar ƙasa sannu sannu. Ruwa ya samu tsaga kamar ta allura, ya shiga. Shekara dubu ta wuce, tsagar ta zama rami. Dubbai suka ƙara wucewa, ramin ya zama ɗaki, har gulbi ya samu hanya a ciki.

Mata sun san wannan aiki tun a murhu. In aka zuba ruwan tsamiya a kan kanwa, me ake gani? Kumfa. To, ku gwada a aji. Ku daka ɓawon ƙwai, ku matsa mashi lemun tsami, ku duba da kyau: ƙananan kumfa za su taso. Ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa abu guda ne ya yi su. Daga nan ku ɗauko guntun marmara daga bakin gari, ku matsa mata lemun. Ba za ta motsa ba.

Muna da dutsen farar ƙasa a Nijar? Muna da shi. Wanda ya wuce Birnin Ƙonni ya nufi Madawa ya ga masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960. Da dutsen farar ƙasa ake yin siminti, shi ya sa aka kafa ta nan. Masana ilimin ƙasa sun ce fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce teku ne ya rufe Adar, kuma ɓawon halittun ruwa ne ya taru ya daskare ya zama wannan dutse. Har yau ana tsintar katantanwar teku da ta zama dutse a tuddan Adar. Amma ruwan saman da ake yi a Tam Kok ya ninka namu kamar sau 3, don haka mu ba mu da gulbin da ke gudu cikin dutse.

Namu irin

Duwatsun Arewa wani iri ne dabam. Ku dubi na Dogondutsi, waɗanda garin ya ci sunansu. Ku lura da abu guda: kawunansu a shimfiɗe suke kamar faifai, kuma kusan tsayinsu ɗaya. Wannan ba banza ba ne. A zamanin da, ƙasar duka tudu guda ce, shimfiɗaɗɗiya, daidai da kan duwatsun nan. A lokacin ana ruwa ƙwarai, har Hamada tana da ciyawa da tabkuna. Wani babban gulbi ya taho daga arewa, ya yanka tudun, ya gangara kudu ya faɗa kogin Kwara wajen ƙasar Gaya. Gulbin ya ƙafe tun dubban shekaru. Kwarin da ya bari shi ne fadamar da muke noma a ciki, wadda takardu ke kira Dallol Mauri. Matankari, Dogondutsi, Kiyeshe, Kore Mairuwa, Tibiri da Gesheme duk a wannan kwari suke ko a bakinsa. Shi ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi, ta kan tudu kuwa sai an haɗa igiya da igiya.

To, me ya hana ruwa ya tafi da duwatsun da suka rage? Hularsu. Jikin dutsen yashi ne da laka da suka daskare, ba su da ƙarfi sosai, ana iya kankare su da wuƙa. Amma a bisa akwai marmara mai tauri, mai ƙarfe a ciki. Irin wannan dutse ne maƙeran da suke fasawa su fitar da tama. Inda hular ta tsaya, dutsen ya tsaya. Inda ta karye, ruwa ya kwashe na ƙasa. Dutsen da ake kira Tozon Bijini a Dogondutsi saura ne na wancan tsohon tudu. Wanda ya raɗa mashi suna makiyayi ne ko mai ido irin na makiyayi.

Koguna fa? Akwai su, amma ƙanana ne. Ruwa da iska suna rarake yashin da ke ƙarƙashin hular, sai a samu loko ko ɗan ɗaki, inda jemage da zuma ke zama, inda makiyayi ke fakewa in hadari ya rutsa shi. Kada wani ya ce ma baƙo muna da kogon da ake shiga da kwalekwale. Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Abin da muke da shi shi ne wannan: mutum ya hau kan dutse da sassafe, ya ga fadama a shimfiɗe har iyakar ganinsa, ga gawo, ga goriba, ga lambunan da ke kewaye da Tabkin Sau sun yi kore shar a tsakiyar rani. Da yawa daga cikinmu an haife su a gindin dutsen nan, sun yi furfura, ba su taɓa ganin garinsu daga bisa ba.

Lugu

Dutse kaɗai ba ya riƙe baƙo fiye da wuni guda. Labari ne ke sa ya kwana. A nan kuwa Arewa ba ta jin kunyar kowa.

Arewa maso gabas da Dogondutsi, cikin ƙaramar hukumar Dankasari, akwai ƙauyen Lugu, mazaunin Sarauniya. Tsofaffi suna cewa Sarauniyar farko daga Daura ta fito, tana tafe da wani dutse da ake kira Tunguma, har ta zo ta zauna nan. Dutsen yana nan har yanzu kusa da ƙauyen. Tun kaka da kakanni mutane ke zuwa wurinsa neman a raba masu gardama ko a gano mai laifi. In Sarauniya ta rasu, ba a zama a zaɓi magajiyarta. Ana ɗaukar gawar, kuma bisa ga al'adar wurin ita ce ke nuna wadda za ta gaje ta. Ana kiran wannan tarkama. A Bagaji kuma akwai Baura. A Matankari aka kafa sarautar Sarkin Arewa, wadda ake danganta asalinta da Barno. A Tibiri akwai gidan Samna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarin wuni guda ne.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin hafsoshi 2, Bule da Shanuwan, ta iso ƙasar nan. Ta taho daga bakin Kwara ta nufi tabkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane a hanya. Garuruwa da yawa suka watse kafin ta iso. Lugu ta tsaya. Mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da kwari da baka, su kuma suna da bindigogi. Da wuta ta yi yawa, mutanen Lugu suka janye cikin kurmi mai ƙaya inda soja ba ya iya kutsawa. An ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba. Rundunar ta wuce ta yi ɓarna mai tsanani a Birnin Ƙonni a watan Mayu. A watan Yuli na shekarar, wajen ƙasar Tasawa, sojojinsu na kansu suka kashe hafsoshin nan 2.

Marubuci Abdullahi Mamani ya yi littafi a kan Sarauniya a 1980. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da littafin siliman a 1986, kuma a 1987 ya ci babbar kyauta ta bikin siliman Afirka a Wagadugu. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta duba. Saboda haka akwai mutane a Dakar da Faransa da suka san sunan Lugu. Yaronka da ke lakkwal fa, ya sani? In ya sani, daga bakinka ya ji ko daga littafin wani?

In za ka hau dutse

Baƙon farko da ya kamata ya ziyarci duwatsun nan mu ne. Ba a biyan kuɗin jirgi. Ɗaliban makaranta guda suna iya haɗuwa da malaminsu ranar da ba kasuwa, su tafi tare.

Lokacin da ya dace shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an gama kai amfani gida. A fita bayan sallar asuba, a sauko kafin rana ta yi tsaka. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, ya sa takalmi mai riƙe ƙafa, don tsakuwar marmara tana gangarar da mutum. Kada a tsaya a leɓen dutse: ƙarƙashinsa a rarake yake, yana iya ɓallewa. Kada a sa hannu cikin rami ko a juya dutse da hannu, nan ne gidan kububuwa da kunama. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a kai shi likita nan da nan. Da damina kuwa, in an ga hadari a gabas, a fita daga cikin ƙorama ko da ba a ɗiga ko ɗigo ba inda ake. Ruwan da aka yi a kan tudu yana isowa ba sallama.

Abu mafi girma shi ne izini. Babu dutsen da ba shi da masu shi. Kafin a hau, a gaida maigari, a gaya mashi abin da ya kawo ku. In wuri ne na al'ada kamar Lugu ko Bagaji, a tambayi masu kula da shi: ina ake shiga, ina ba a shiga, me ake taɓawa, a ina ake tuɓe takalmi. Ko kana bin al'adar ko ba ka bi, gidan mutane ka zo. Kada a ɗaga salula a ɗauki hoton mutum ko wuri sai an yarda.

In baƙo ya zo

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yana bukatar ɗan gari. Kuma ilimin ɗan gari ba ƙaramin abu ba ne. Kogon da ya fi kowane girma a duniya, Son Dung, shi ma a Biyetnam yake. Ba wani mai digiri ya gano shi ba. Wani ɗan ƙauye ne mai suna Ho Khan, mai shiga daji neman itace, ya yi karo da bakinsa wajen 1990. A 2009 shi ya ja masana daga Ingila har wurin, suka auna shi: tsawonsa ya fi kilomita 5.

A nan gida ma muna da misali. A Kure, kan hanyar Yamai, raƙuman dawa irin na Afirka ta yamma sun kusa ƙarewa. A 1996 saura 49. Aka hana farautarsu, samarin ƙauyukan suka kafa ƙungiyar masu yi ma baƙi jagora, baƙo ya biya kafin a kai shi. Wajen 2018 raƙuman sun haura 600. Dabbar da manomi ke kuka da ita don tana cin wake ta zama hanyar abincin wasu gidaje.

Amma dole mu faɗi ɗaya gefen. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2. Daga nan baƙin waje suka ɗauke ƙafa. A Mali ma haka ta faru da duwatsun Bandiyagara, inda ƙauyuka da yawa suka dogara ga baƙi, har rikicin 2012 ya zo ya tsai da kome. Mu ma nan mun san halin da iyaka take ciki a shekarun nan. Saboda haka kada kowa ya sayar da bijiminsa ya gina masaukin turawa. Yawon buɗe ido miya ce, gona ita ce tuwo. Baƙin da za mu fi gani yanzu ƴan ƙasa ne: ɗaliban lakkwal da malamansu, ma'aikatan da aka turo aiki, ƴaƴanmu da aka haifa a Yamai ko Kwatano ko Legas, waɗanda suka zo ganin gida da salla. Waɗannan ma baƙi ne, kuma su ne suka fi cancantar su ji labarin.

Mai jagora nagari yana shirya kuɗin aikinsa da baƙo tun kafin a tashi, don kada a yi rigima a kan dutse. Yana sanar da maigari wanda ya zo da inda za a je. Ba ya ƙara gishiri a labari. In akwai ruwaya 2 sai ya ce: mutanen Matankari haka suke faɗi, na Lugu kuma haka. Ba ya barin yara su bi baƙo suna roƙo. Wannan abin kunya ne ga gari, kuma yaron da ya saba da shi ba ya zama a aji.

Akwai wani irin baƙo da ya kamata a yi hattara da shi: mai sayen tsofaffin kaya. Zai ce ka tono mashi tsohuwar tukunya, ko kan kibiya, ko dutsen niƙa na kufai, ya ba ka jika 2. A Bura, cikin ƙasar Tera, an gano tsofaffin kaburbura masu mutum-mutumin yumɓu a 1975. Da labari ya bazu, aka dinga tonawa ana sayarwa, kaya masu yawa suka fice zuwa ƙasashen waje. Tun 1997 Nijar tana da dokar da ta kare irin waɗannan kayan tarihi. Wanda ya tsinci wani abu a gonarsa ya bar shi inda yake, ya gaya ma maigari da magajin gari.

Dutsen kansa yana bukatar tsaro

Ku tambayi tsofaffi yadda gangaren duwatsun nan yake sa'ad da suke yara. Za su lissafa maku geza da sabara da magarya, har da namun da ke ɓuya a ciki. Yau wurare da yawa fako ne. An sare itace, an kwashe duwatsu don gini. In aka yi ruwa babu abin da ke tare shi. Yana gangarowa da ƙarfi, ya yanka ƙorama, ya binne gona da yashi, ya shiga unguwa ya kada gidaje. Abin da ya ɓata kallon baƙo shi ne ya ɓata gonarka.

Maganin ba sabo ba ne. A Keita, tun daga 1984, maza da mata suka jera duwatsu a gangare, suka haƙa ramuka masu siffar rabin wata, suka dasa itace, har tuddan da suka mutu suka sake tsiro. A duwatsun Dogondutsi ma an yi irin wannan jeri don a rage ƙarfin ruwan da ke sauka cikin gari. Ana farawa ne daga bisa, a bi dutsen a gicciye, ba a tsaye ba. In aka fara daga ƙasa, ruwan farko zai kwashe aikin.

Aikin aji

Ga inda karatunku zai yi amfani. Sunayen duwatsu da labarinsu suna cikin kan tsofaffi, kuma kowace shekara muna kai wasu makwanci. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku sayi kaye guda na makaranta duka. Ku rabu biyu-biyu. Kowane biyu su je wurin dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, su gaishe su da goro, su tambaya: yaya sunan dutsen nan? Wa ya raɗa mashi? Me ya faru a nan lokacin yaƙi ko lokacin yunwa? Ina ne ba a zuwa, kuma don me? Ku rubuta yadda aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa da ranar. Kada ku manta da tsofaffin mata. Abin da aka ce asiri ne, ba a rubutawa, ku bar shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwa ke huda dutsen farar ƙasa amma ba ya huda marmara?
2. Me ya sa kawunan duwatsun Dogondutsi suke kusan tsayi ɗaya?
3. A wace shekara aka yi yaƙin Lugu? Shekara nawa ke nan yau?
4. Lissafi: ɗalibai 12 sun zo ganin dutsen garinku. Kowane ya biya dala 50. Aka ce kashi 1 cikin 3 na asusun gari ne, don jera duwatsu a gangare, saura na masu jagora 2 ne. Dala nawa asusu ya samu? Dala nawa kowane mai jagora ya samu?

Makarantar da ta cika shafi 5 na kayenta ta ba malaminta, ya aiko mana ta hannun ofishin yaƙi da jahilci na Dogondutsi ko na Tibiri. Za mu buga su a jarida ɗaya bayan ɗaya, da sunan ƙauyen.